Tantin Malam Bai Mutu Ba

Dabawa, ta Dutsin-Ma,
Ranar Juma'a.

Zuwa ga ƙanena Alhaji Lado,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce mai yawa daga yayarka Talatu, da fatan takardar nan za ta iske ka lafiya, kai da Nana Fatima da yara baki ɗaya. Yaya Fatakwal, yaya ruwan can da aka ce ba ya gajiya? Allah ya sa wa shagonka albarka, ya tsare mana kai a hanyoyin da kake bi, ya raya su Fahad bisa tafarkin gaskiya. Mu nan sai godiya. Damina ta zauna, an gama noman firi ana shirin maimai, gero ya kusa gwiwa. Ɗana Ya'u da matarsa Mardiya suna nan ƙalau. Zazzaɓin da ya kayar da ni bayan Sallah ya tafi abinsa, jiya ma ni na daka dawar tuwon gidan nan da hannuna, in akwai wanda ya gaya maka ina kwance har yanzu to ya ƙara gishiri.

Za ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Na san halinka ne. Kana jin muryata za ka fara Yaya ki yi haƙuri, Yaya ki saurare ni, kafin in haɗa kalma uku ka yi talatin, sannan ka ce ga mai saye ya shigo ka kashe. Takarda kuwa ba ta da inda za ka katse ta. Karatun da na yi a firamare bai tashi a banza ba, don haka na zauna na rubuta, Ya'u zai ɗauki hotonta ya turo maka. Ka samu wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe, domin raina a ɓace yake, kuma kai ne ka ɓata shi.

Bari in fara da tantin, tunda a kansa aka yanke mini hukunci ba na nan. Ka san shi, ko da yake na lura ka manta darajarsa. Shi ne wanda maigidana marigayi Malam ya saya hannun wasu masu haƙa rijiyoyi, tun Ya'u yana goye. Shekara ashirin da wani abu yana ɗaure shi bayan keke, daga baya bayan babur, yana bin rugage yana yi wa shanu allura, daga Kuki har dajin Ɗantutture, duk inda aiki ya tsayar da shi ya kafa ya kwana. Da Allah ya karɓi abinsa shekara shida da suka wuce, ba gona mai yawa ya bar mini ba, ba shanu ba. Wannan tanti ya bari. Ni na ɗage gefensa biyu na tokare da sanduna, na mayar da shi rumfa a kasuwarmu ta Laraba, nake kasa gishiri da kanwa da sukari da garin kuka a ƙarƙashinsa. Duk kayan nan ba su ga maciji da ruwa. Amma damina shida ana zuba ruwa a kansa yana gangarewa ta gefe, ko ɗigo bai taɓa sauka a kan tiyar awona ba. Da shi na aurar da ƙannen Ya'u mata biyu ban miƙa wa kowa hannu ba.

To ana saura kwana huɗu Babbar Sallah, ka san yadda matan gida suke, duk abin da ido ya gani sai an wanke shi, daga labule har murfin tukunya. Mardiya ta dubi tantin nan a jingine, ta ga ya yi dauɗa, hannu yana ɗan mannewa in an shafa, ta ce a ranta ba za a zo yawon Sallah a ga wannan a gidan surukarta ba. Ina can wajen kitso ta dafa ruwa, ta zuba omo, ta jiƙa shi, ta bi shi da burushi ciki da waje, ta kira 'yar'uwarta suka bubbuge shi a kan turmi. Yini biyu suna fama. Da na ga yadda ya fito fes har launinsa na asali ya dawo, wallahi daɗi na ji. Ni da bakina na sa mata albarka, ranar Sallah kuma na ware mata cinya guda. Ina gaya maka wannan ne don kada in ji ka ɗora wa yarinyar nan laifi. Abin da ta wanke ta ɗauka dauɗa ce, ni ma dauɗa na ɗauka.

Larabar da ta biyo bayan Sallah na kafa kamar kullum. Wajen azahar hadari ya haɗo daga gabas, masu tabarma suka fara tattarawa, ni ina zaune ina yi musu dariya yadda na saba. Ruwa yana saukowa sai na ji sanyi a wuyana. Na ɗaga kai na ga rufin ya yi duhu ya jiƙe sharkaf, ruwa yana tsattsafowa ta ko'ina kamar an shimfiɗa zanin atamfa. Kafin in rufe buhun sukari gishiri ya zama kunu, kafin in koma kan gishiri kuka ta dunƙule. Na tsaya a ciki ina ja nan ina ja can har aka ɗauke, na koma gida haƙorana suna haɗuwa. Washegari zazzaɓi ya rufe ni. Shi kuma Ya'u, garin gaggawar kai ni gida, ya naɗe tantin da ruwansa ya cusa a buhu ya jefa ɗakin ajiya. Kwana tara yana ciki. Da na miƙe na buɗe, warin da ya buge ni sai da na ja da baya, funfuna ta yi masa baƙaƙen ɗigo tun daga ƙoli har gindi. A nan ne na zauna a ƙasa na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Gani na yi kamar ranar aka sake fita da Malam.

Ka san dokar kasuwarmu, ko ka manta tunda ka zama ɗan birni? Duk wanda wurinsa ya zauna babu kowa kasuwa uku a jere, Sarkin Kasuwa yana da ikon ba wani. Ta farko ta wuce ina kwance. Saura biyu. Wurin nan nawa kuwa, bakin hanyar da ke shiga wajen masu hatsi ne, duk wadda ta auni dawa sai ta bi ta gabana ta tuna ba ta da kanwa. Mutum nawa ne suka sa masa ido, Allah kaɗai ya sani.

Nan fa masu ba da shawara suka yi mini caa. Wannan ta ce in sayi leda in lulluɓa, kamar ba ta san iskar farkon damina ba. Waccan ta ce in shafa man gyaɗa, ai ruwa ba ya zama a kan mai. Ita na bi, don maganarta ta yi kama da hankali. Allah ya taimake ni a gefe guda na gwada. Na shafa na shanya a tsakar gida, kafin la'asar kiyashi sun yi masa layi, da na shiga salla kuma akuyar Mardiya ta samu abin da take so, ta tauna mini wajen tafin hannu biyu. Ka ga ni ma na yi tawa wautar, kuma na fi Mardiya shekaru.

Ranar na ɗauki guntun da akuya ta rage na nufi Dutsin-Ma wajen Sodangi baduku, wanda yake ɗinka wa Malam jakar magani. Ya tsufa, ido ya yi rauni, amma yana taɓa ƙyallen ya shinshina ya ce wa ya wanke wannan da sabulu. Shi ya buɗe mini abin da ban sani ba. Ya ce duk shekara kafin ruwan fari Malam yakan zo ya karɓi kakin zuma a wurinsa, ya je ya goge tantin da shi, abin da hannu yake mannewa a kai ke nan. Sai na tuna, ina ganinsa a bayan gida yana durƙushe yana gurza wani abu, ban taɓa tambaya ba, na ɗauka aikin maza ne. Ashe shekara shida ina zaune a ƙarƙashin shafar da ya yi ta ƙarshe da hannunsa ban sani ba. Sodangi ya ce ƙyallen bai ruɓe ba, ya ja da ƙarfi a gabana bai yage ba. Ya ce irin wannan saƙa yanzu ba a yin ta, in na iya wahala zai tashi. Na ce masa wahala ai tare muka girma.

Ga yadda aka yi, ina rubuta maka ne don ka san ba wasan yara nake ba. Na fara shanya shi yini guda ya bushe ƙayau, na kakkaɓe funfunar da busasshen burushi a waje. Sannan na matse lemun tsami a ruwa, na zuba gishirin nan nawa da ya narke, ka ga bai tashi a banza ba, na bi ɗigon ɗaya bayan ɗaya da tsumma, na ɗauraye da ruwa zalla na sake shanyawa. Tabon bai fita duka ba, amma warin ya tafi. Inda man gyaɗa ya taɓa Sodangi ya yanke ya yi faci da wani tsohon tampol, ya koya mini jan zare a cikin kaki kafin a sa a basilla, domin ramin allura shi ne ƙofar ruwa. Duk ɗinkin da ya saki ni na bi shi da hannuna. Kakin da yake da shi bai kai ko'ina ba, sai da na hau mota zuwa Kurfi wajen masu zuma, na bi su gida gida ina tattara saƙar da suka matse suna shirin zubarwa. Suna ta mamakin tsohuwar da ta bar zuma take neman saƙarta. Na dafa a tsohuwar tukunya, na tace da ƙyalle, na bar shi ya daskare dunƙule dunƙule. Wani ya ce in narka da kananzir ya fi saurin shiga. Sodangi ya hana, ya ce wuta ce nake gayyata, kuma ba mai sayen gishirin da ke warin fitila. A cikin wannan zirga-zirga Laraba ta biyu ta wuce.

Sai babban aikin. Ka tuna falalen dutsen da ke bayan gonar Baba, inda muke shanya kuɓewa? Can muka kai shi ni da Mardiya, da hantsi, ranar da gari ya buɗe. Muka shimfiɗa, muka durƙusa, kowa da dunƙulen kaki a hannu muna gurzawa taki ɗaya bayan ɗaya, muna ninkawa a kan ɗinki. In rana ta take dutsen ya ɗau zafi, sai ka ga kakin ya narke ya nutse cikin saƙar da kansa. Inda ya ƙi shiga mu bi shi da dutsen guga na gawayi, da tsumma a tsakani. Yini uku muna wannan, ido ɗaya a ƙyalle ido ɗaya a gabas, da hadari ya taso mu naɗe mu ruga. Na hana Mardiya, na ce jikinta ba ɗaya ba ne yanzu, ta ce ita ta cire ita za ta mayar. Gwiwoyina sun kumbura, tafin hannuna ya sale. Ranar Talata na ɗebo ruwa a buta na tsiyaya a kai. Lado, ruwan nan ya dunƙule ya gangara ya faɗi ƙasa, ƙyallen bai ko canza launi ba. Mardiya ta rangaɗa guɗa a kan dutse sai da masu noma suka ɗago kai.

Laraba ta uku tun da sassafe Ya'u ya ɗora mini kaya a babur, muka isa ba a gama share kasuwa ba. Me zan gani? Rabi'u mai robobi ya jera bokitai da bahuna a wurina, har ya kafa turakunsa a ramukan turakuna. Yana ganina ya sunkuyar da kai, ya ce shi ba ruwansa, ba shi wurin aka yi. Na wuce wajen Sarkin Kasuwa ina huci, na ce masa kasuwa biyu na rasa ba uku ba, ko lissafin ya canza ne ban ji shela ba. Mutumin nan ya ba ni tabarma, ya gaishe ni da jiki, sannan ya ce ai ba doka ce ta karɓe wurin ba, gidanmu ne suka sallama. Ya ce ƙanena Alhaji Lado ya kira shi daga Fatakwal tun ina kwance, ya gaya masa Yaya ta ajiye kasuwa, tantin ya mutu, ita ma ƙarfi ya ƙare, daga yanzu shi zai riƙa ɗaukar nauyinta, a ba mai bukata.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin Alhaji Lado ya auna wa wani kanwa a kasuwar nan. Na ce wurin nan ni na share shi, ni na cike kwarinsa da tsakuwa, da wane baki wani zai bayar da shi ina raye? Ya ce gaskiyata ce, amma shi ya riga ya yi magana a gaban mutane bisa maganar namijin gidanmu, ba zai tashi Rabi'u haka kawai ba, sai dai in wanda ya sallama ya kira da bakinsa ya janye. In ya janye, a ranar zai mayar da Rabi'u layinsu na da, shi ma Rabi'un ya yarda da haka. In kuwa Laraba mai zuwa ta wuce ba a ji daga gare ka ba, magana ta zauna.

Ka san abin da na yi? Ya'u yana cewa Inna mu koma gida, na ce ya sauke mini kaya. Babu sauran wuri sai can ƙarshen kasuwa, kusa da masu awaki, inda ruwa yake bi in ya gangaro. Nan na kafa. Na karɓi fartanya na ja rami kewaye da shi yadda Sodangi ya ce Malam yana yi, na ɗora buhuna a kan duwatsu. Mata suna wucewa suna kallona, wasu da tausayi, wasu suna rufe baki. Bayan azahar aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na sassauta igiyoyin kaɗan don kada su ɗaure su tumɓuke turaku, na hana kowa taɓa rufin daga ciki, na koma na zauna na harɗe ƙafa. Mata bakwai suka fake a wurina har da 'yan akuya biyu. Ba zan yi maka ƙarya ba, kusurwa ɗaya wajen facin tana ɗiga, na tara kwano, jiya kuma na sake bin ta da kaki. Amma gishirina ya koma gida a bushe. Sai dai ciniki babu, wa zai ratsa kashin awaki don ya sayi sukari? Da na dawo ban naɗe shi ba sai da ya kwana biyu a kan igiya ya sha iska, yanzu yana rataye a dirka inda gara ba za ta kai ba.

Na san ba ƙiyayya ce ta sa ka ba. An gaya maka yayarka ta faɗi, ka tsorata, ka ce a ranka me zai sa tana da kai tana zama cikin ruwa. Na gode, Allah ya saka. Buhun shinkafar da ka aiko ya iso, muna ci. Amma ka yi mini abin da ko Malam bai taɓa yi mini ba, ka yanke magana a kaina ba ka tambaye ni ba. Kana tsammani in na zauna a ɗaki ina jiran aike daga Fatakwal hutu ne? Na ga matan da aka yi wa irin wannan hutu. Shekara guda sai ka ga baki ya mutu, ƙafa ta mutu, sai jiran wanda zai leƙo ya ce sannu. A kasuwa nake jin wa ya haihu wa ya rasu, a can ake neman shawarata, a can nake Talatu mai gishiri ba tsohuwar gidan su Ya'u ba. Ranar da ƙafata ta gaza ni zan fara sani, kuma ni zan je in sallama da bakina, in zaɓi wadda zan ba.

Don haka ga abin da nake so. Lambar Sarkin Kasuwa tana wayarka, tunda ka iya nemo ta ran nan. Ka kira shi kafin Laraba ka ce ka yi kuskure, ka janye. Kalma biyu ce, ba za ta rage maka hula ba. Kada ka aiko mini sabon tanti na leda, kada ka aiko wani ya ba ni haƙuri, kada ka ce sai ka zo da Sallah ƙarama a zauna. In ka kira, magana ta wuce, ba zan sake tayar da ita ba har abada. In kuma girman kai ya hana ka, to ka sani ba gida zan zauna ba. Duk Laraba zan kafa a cikin awakin nan, rani da damina, duk wanda ya tambaye ni me ya kawo ni nan zan gaya masa gaskiya, ƙanena Alhaji Lado na Fatakwal ne ya zaɓa mini wurin.

Ka gaishe mini da Nana Fatima, ka ce mata daddawar da ta ce in ajiye mata tana nan na ƙulle. Ka shafa mini kan Fahad da Abdulbasit, ka ce wa Hadiyya na ji labarin saukarta, Allah ya sa albarka, ina nan da tukwicinta. Ya'u yana gaishe ka, kunya ta hana shi kiranka domin ya san ta bakinsa labarin ciwona ya isa gare ka, na kuwa riga na wanke shi tas. Mardiya tana gaisuwa, ka sa ta a addu'a Allah ya sauke ta lafiya. Sodangi ma ya ce in gaishe ka ko da ba ka tuna shi.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ina sonka yadda na saba, fushina bai taɓa wannan ba. Yau Juma'a, kana da kwana huɗu.

Yayarka,
Talatu mai gishiri.